Jinin da ba ya son wuta

Goggo ce ta ɗora ni a kan wannan hanya, ko da yake ita ba tambaya ta yi ba, hukunci ta yanke. Bayan an cire mata nonon hagu saboda kansa, likitoci suka rubuta mata gashi, wato haska wurin da inji don kashe sauran kansar, na kwana 25, Litinin zuwa Juma'a, mako biyar cur. Ni ce 'yar rakiya, don ni ce ma'aikaciyar asibiti a gidanmu, duk da aikina a lokacin bai wuce gwajin jini da fitsari ba. A bencin jira muka saba da wata mata mai sayar da atamfa. Ita ma nono aka cire mata, ita ma kwana 25, inji ɗaya, ma'aikata ɗaya. Kafin a shiga mako na biyar fatar ƙirjin Goggo ta saɓule, hammatarta na tsattsafo da ruwa, ko mayafi ba ta yarda ya taɓa wurin. Ita kuwa mai atamfa, wurin ya ɗan yi duhu ne kawai, kamar wadda ta wuni a rana. Goggo ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Ke 'yar nan, daina wahalar da kanki. Jinina ne ba ya son wuta."

Na ɗauki maganar a matsayin irin ta tsofaffi. Ciwon ya warke, kansar ba ta dawo ba, muka gode wa Allah. Sai bayan kamar shekara biyu wurin ya fara tauri, ya ɗaure kamar ƙirgi, har hannun hagu ya daina kaiwa kanta. Da na samu tallafin karatun digiri na uku a wata jami'a da ke arewacin Ingila, a ɗakin binciken da ke nazarin yadda jikin mutane ya bambanta wajen jure hasken gashi, maganar Goggo na cikin kayan da na tafi da su.

Farfesar da zan yi aiki a ƙarƙashinta mace ce siririya, ta kusa ritaya. Tun ranar farko ta ce in riƙa kiranta da sunanta. Har na gama ban iya ba; bakina ya ƙi. Na ba ta labarin Goggo ina jin kunyar maganar jinin, sai na ga ba ta yi dariya ba. Ta ce a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin an daɗe ana bin matan da aka yi wa gashi a ɓangarori biyu na ƙirji, ana duba fatarsu shekara da shekaru, kuma da aka yi lissafi sai aka ga kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin da ke tsakaninsu daga jikin matan yake, ba daga sa'a ko rashinta ba. Sannan ta jawo takarda ta zana tudu. Yawancin mutane suna tsakiyar tudun, in ji ta. A gefe guda akwai 'yan kaɗan da haske ke yi wa mummunar illa, kuma saboda waɗannan 'yan kaɗan ɗin ake taƙaita adadin da ake ba kowa, a bisa ƙa'idar kada masu samun babbar illa su wuce kamar 5 cikin 100. Da za a gane su tun kafin a fara, da an sassauta musu ko an sauya musu magani, sauran kuma a ƙara musu abin da zai fi kashe kansar. Ta ce shekara kusan talatin ke nan tana neman hanyar gane su.

Na zaci washegari zan fara. Ina! Mako shida na yi ban taɓa komai ba sai takardu da horo. Injin da ake haska samfura da shi yana can ƙarƙashin ginin, bayan ƙofofi biyu masu kati da lambar sirri. Wani dunƙulen ƙarfe ne mai nauyin tan-tan, an lulluɓe cikinsa da dalma, a tsakiya akwai sinadarin siziyam-137, wanda sai ya shekara 30 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Mai horar da mu ya ba mu labarin birnin Goyaniya na Birazil, inda a 1987 masu tsintar ƙarafa suka fasa tsohon injin gashi a wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka ga gari mai ƙyalli shuɗi, suka rarraba wa 'yan uwa. Mutum huɗu suka mutu. Ni da na san yadda 'yan jari-bola ke yi da duk ƙarfen da suka samu, tsigar jikina ta tashi. Aka ba ni baji na maƙalawa a ƙirji mai auna abin da jikina ya sha, aka sa na sa hannu cewa in na samu juna biyu zan faɗa da wuri. Ma'aunin hasken kuwa sunansa Gray, sunan wani masani ɗan Ingila, Louis Harold Gray. Goggo Gray 2 take sha kullum, jimilla 50. A nan ma na fara jin dalilin rarraba shi kwana-kwana: a shekarun 1920, a Faris, Claudius Regaud ya gwada mayar da raguna marasa haihuwa da haske, ya ga in aka ba su a tashi ɗaya sai fatar maraina ta ƙone, in aka rarraba kuwa buƙata ta biya fata ta tsira. Na yi niyyar ba Goggo labarin ragunan, sai kunya ta hana.

Wanda ya koya mini aikin hannu wani dattijo ne, ma'aikacin ɗakin, wanda ya girmi yawancin injinan da ke wurin. A raina Baba nake ce masa. Ya buɗe wata tukunya mai hayaƙin sanyi, ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili, ya zaro 'yan kwalabe biyu da ba su kai ɗan yatsa ba, ɗaya an rubuta A, ɗaya B. A cikinsu akwai sel, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da aka gina jiki da su, na fatar wasu mutane biyu. Irin sel ɗin da ke saƙa naman ƙarƙashin fata ne, ni masaƙa nake kiransu, kuma su ne in haske ya ɓata musu rai suke ta saƙa ba tsayawa har wuri ya yi tauri irin na Goggo. Baba ya ce, "Ki rena su. In sun kai wata guda da rai, sai mu yi maganar gwaji."

Renon sel kamar renon jaririn da bai kai wata tara ba ne. Suna zaune a kwalba mai faɗi, a manne da ƙasanta, cikin ruwan abinci mai launin hoda. Akwatin renon yana digiri 37, zafin jikin mutum, da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Duk kwana uku ko huɗu a sauya musu ruwa. In sun cika kwalba a zuba musu wani sinadari da zai saki ƙafafunsu, a ƙirga, a raba. Komai a cikin wani kabad mai hura tsabtatacciyar iska ake yi, hannu cikin safa, ana fesa barasar goge-goge kamar ba gobe. Hannunka bai isa ya gifta ta saman buɗaɗɗiyar kwalba ba. A mako na uku na shigo da safe na tarar ruwan kwalabena ya koma ɗorawa, ya yi gurɓi kamar kunun da ya kwana. Ƙwayoyin cuta sun shiga. Baba bai ce uffan ba, ya miƙo mini bilic. Da na sake, sai funfuna ta fito a ɗaya, fara tas, kamar auduga. Daga baya shi ya gano bakin zaren: gefen hijabina ne ke leƙawa cikin kabad in na sunkuya. Na koma cusa shi cikin rigar aiki ina maƙale wa da fil, ban ƙara asarar kwalba ba sai can bayan shekara, ita ma laifin wutar akwatin ce.

Gwajin kansa tsoho ne. Theodore Puck da Philip Marcus suka fito da shi a Amurka a 1956, kuma har yau ba a samu wanda ya ture shi ba. Hikimarsa ita ce, ba a tambayar ko sel na da rai bayan haske. Ana tambayar ko zai iya haihuwa. Sel na iya zama garau a ido, yana ci yana sha, amma ya daina rabuwa, ko ya rabu sau biyu ya tsaya. A wajen maganin kansa wannan matacce ne. Don haka sai ka ƙirga sel daidai, ka shuka su a faranti tsilli-tsilli yadda kowane zai zauna shi kaɗai, ka sauka ƙasa ka haska wasu da Gray 2, wasu 4, wasu 6, wasu ka bar su ba haske, ka mayar akwati, ka kama bakinka mako biyu. Ba a motsa su, ba a leƙe. Duk sel ɗin da ya tsira zai zama gungu, zuri'ar ƙwaya ɗaya, kuma ba a lissafa gungu sai ya kai sel 50. In ka shuka 200 ba haske suka ba ka gungu 60, ka san 30 cikin 100 ne ke kamawa tun asali. In ka shuka 400 a Gray 2, kana sa ran 120, sai ka samu 40, to kashi ɗaya cikin uku ne ya tsira. Lissafin ke nan, ɗan firamare zai yi shi.

Ranar da aka cika mako biyu na zubar da ruwan, na busar, Baba ya miƙo mini rinin da za a zuba. Ina ganin launin na yi dariya ni kaɗai. GV ne, wanda ake shafa wa yara a gyambo da bakin da ya yi ƙuraje, wanda ya ɓata mini yunifom ba sau ɗaya ba. A nan wani suna suke kiransa, amma shi ne. Na wanke farantan a famfo, na jera su a kan takarda. Na A sun fito da ɗigo-ɗigon shunayya kamar zanen atamfa, suna raguwa a hankali daga faranti zuwa faranti. Na B kuwa, wanda ba a haska ba ya cika, na Gray 2 'yan ƙalilan, na 4 fayau kamar an wanke. Na ce na sake ɓata aiki. Na ɗauka jiki a sanyaye na kai wa Farfesa. Ta ɗaga farantin a hasken taga ta ce, "Madalla. Yanzu kin ga abin da idonki."

Sel ɗin B na wani yaro ne mai wata cutar gado da ba a cika samu ba, ataksiya-telanjiyektasiya, a taƙaice A-T. Yadda sikila take, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita yaro ke samu. Yaron zai fara tafiya yana tangaɗi, daga baya jijiyoyin jini su fito ja a farin idonsa, ga yawan ciwon ƙirji, ga saurin kamuwa da kansar jini. A ƙarshen shekarun 1960 likitoci suka ba da rahoton irin waɗannan yara da aka yi wa gashi daidai yadda ake yi wa kowa, jikinsu ya ƙone fiye da misali, har da waɗanda suka rasu. A 1975 Malcolm Taylor da abokan aikinsa a Bamingam suka nuna cewa sel ɗinsu ma a faranti haka suke, saurin mutuwarsu a haske ya kai kusan ninki uku na sauran mutane. Sai a 1995 ayarin Yosef Shiloh a Tel Abib suka gano ƙwayar gadon da ke da alhakin, a kan kuromosom na 11, wato ɗaya daga cikin ƙunshin zaren gado da ke cikin sel, aka sa mata suna ATM. Aikinta kamar na mai gadi ne. Zaren gado, wato DNA, da ke cikin kowane sel ya kai kusan mita biyu in aka miƙe shi, kuma igiya biyu ce a murɗe. Gray 1 kaɗai na tsinke igiya ɗaya a wurare kusan 1,000, wannan da sauƙin ɗinki. Amma yana kuma guntule duka biyun a wurare 20 zuwa 40, kuma wannan ne mai kisa. ATM ce ke jin an guntule, ta yi kururuwa, ta tsayar da rabuwar sel har masu gyara su gama. In babu ita, sel zai ci gaba da rabuwa da tsinkakken zare.

A daren nan ban yi barci da wuri ba. Na ga da idona cewa jini na iya ƙin wuta, har a faranti. Abin da ya rage, a tunanina, shi ne in nuna haka ga mata irin Goggo.

Aikina na gaske shi ne in gwada masaƙan mata 16 da aka yi wa gashin nono shekarun baya: 8 da wurin ya yi tauri sosai, 8 da ba abin da ya same su. Neman izinin kwamitin ɗa'a ya ci wata biyar, har da gyaran jimla ɗaya a takardar bayani sau uku. Na yi ta ƙorafi a lokacin. Yanzu ba na yi. Wasu samfuran suna tukunyar sanyi tun tuni, sauran kuwa sai da matan suka zo asibitin bibiya, aka karanta musu, suka sa hannu, likita ya ɗebi 'yar fata da ba ta kai ƙwayar gero uku ba daga inda haske bai taɓa ba. Ina tsaye da kwalbata a gefe. Wata tsohuwa mai fama da kafaɗa ta riƙe hannuna ta ce ita dai ta gama nata, amma tana da jikoki mata uku. Gutsuren fatar nan sai ya yi mako biyu zuwa uku a kwalba kafin masaƙan su fara rarrafowa daga gefensa, sannan wata guda kafin su isa gwaji. Kuma ba su dawwama: sel ɗin mutum mai lafiya in ya rabu kamar sau 50 ya tsufa ya tsaya, don haka kowane ɓarnataccen gwaji asara ce da ba ta dawowa. Kowace mace sau uku, kowane zagaye faranti 12. Na yi azumi biyu a ɗakin nan, na lokacin da rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, ina shan ruwa da dabino a matattakala don ba a shiga da abinci.

Ƙirga ita ce aikin. Ka ɗora faranti a kan fitila, ka ɗiga wa kowane gungu alƙalami ta baya, wanda ka yi shakka ka kai shi ƙarƙashin madubi ka ƙirga sel ɗinsa ɗaya-ɗaya. Abin ƙirgen ɗakin ƙararsa ta dame ni, sai na koma amfani da 'yar tasbahata ta yatsa, mai lamba. Baba ya gani ya ce in kawo masa irinta.

Ga inda na yi abin kunya. Samfuran lambobi ne da su, ba suna, don kada mai ƙirga ya san na wace ce. Amma ni ina wurin aka ɗebi rabinsu, na san ranar kowace, lambobin kuma a jere suke. Ban nemi sani ba, ban kuma iya mantawa ba. Da na haɗa sakamakon zagayen farko na zana, sai ga shi ya fito kamar a mafarki: masu taurin fata a ƙasa, sauran a sama, da 'yar tazara a tsakani. Har na fara tsara yadda zan faɗa wa Goggo. Farfesa ta duba zanen ta daɗe, sannan ta tambaye ni, ba faɗa ba komai, ko na san wace ce wace. Na yi shiru, shirun ya amsa. Ta kira Baba ta ce ya kwashe farantan duka, ya goge alamomin alƙalamina, ya liƙa musu sabbin lambobin da shi kaɗai ya sani.

Kwana tara na yi ina sake ƙirgawa. Da aka buɗe lambobin, tazarar ta tafi. Ɗigon matan ya cakuɗe, har ma wadda sel ɗinta suka fi kowa jure haske tana cikin masu taurin fata. Na koma na gwada ƙirgata ta farko da ta biyu faranti-faranti, don in ga inda na yi ƙarya. Ban yi ƙarya ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. A kowane faranti akwai gungu biyar ko shida da ke bakin iyaka, masu sel 45 ko 55, masu dishi-dishi, ko biyu da suka haɗe. In farantin na wadda na san tana shan wahala ne, sai in ga ƙananan ba su kai ba. In na ɗaya ɓangaren ne, sai in ga sun kai. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nawa ya san kima, ya kuma san abin da zuciyata ke so. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo.

Farfesa ba ta rarrashe ni ba, tarihi ta ba ni, kuma ya fi mini rarrashi. A farkon shekarun 1990, ƙananan bincike irin nawa, masu mutum shida ko goma, sun nuna kamar masaƙan fata na iya hasashen wanda zai sha wahala. Kowa ya yi murna. Da aka yi manya, da ƙirga a rufe, alaƙar ta yi rauni ko ta ɓace. Sai aka koma kan ƙwayoyin gado: kowane ɗakin bincike ya zaɓi wadda yake zargi, musamman wata mai suna TGFB1 da ke da hannu a saƙar tabo, ya gwada mutum ɗari ko ƙasa da haka, ya buga cewa ya gano. A 2012 binciken RAPPER na Birtaniya ya ɗauki bambance-bambance 92 a ƙwayoyin gado 46 da aka taɓa cewa suna da alaƙa da illar gashi, ya gwada su a kan marasa lafiya 1,613. Ko ɗaya bai tabbata ba. Ta ce wannan takarda ta share aikin shekara goma na mutane da yawa, kuma a ganinta tana cikin mafi amfani da aka taɓa bugawa a fannin. Ni ma yanzu haka nake gani. Masu A-T can ƙarshen tudu suke, ƙwaya ɗaya ta lalace gaba ɗaya. Sauran mutane kuwa bambancinsu tarin ƙananan abubuwa ne masu yawa, kowanne da ɗan tasirinsa, a haɗa da shan taba, da ciwon suga, da girman jiki, da faɗin wurin da aka haska, da ko an haɗa da allurar kansa. Ƙaramin abu kuwa ba ya fitowa sai a cikin dubbai. Shi ya sa a 2009 masu wannan bincike na ƙasashe da dama suka haɗu a Manchesta suka kafa ƙungiyar tara samfura wuri guda. A 2014 aka samu wani wuri mai suna TANC1 a kuromosom na 2, daga binciken maza masu kansar furostet da aka faro a Sifen, ba kuma wanda ya taɓa zarginsa kafin nan. Binciken REQUITE ya bi mutum fiye da 4,400 a ƙasashe 8, da fom iri ɗaya da tambayoyi iri ɗaya.

Matana 16 suka zama babi ɗaya a kundina, babin da ke cewa ban ga bambanci ba. DNA ɗinsu kuma, da izininsu, ya shiga babban rumbu.

Fom ɗin nan ne ya buɗe mini babi na ƙarshe. A shekara ta biyu nakan zauna a asibitin bibiya ina cike shi tare da ma'aikatan gashi. Matakin farko na illar fata, a ma'aunin da aka fi amfani da shi, ja ne kaɗan. Mataki na biyu ja sosai, ko saɓulewa nan da can. Wata rana aka shigo da wata mata 'yar asalin Jamaika, ta fi ni duhu, tana mako na uku. Ma'aikaciyar ta duba ta ce ba ja, za ta rubuta sifili. Matar kuwa cewa take wurin na mata zafi da ƙaiƙayi. Na nemi izini na sa bayan hannuna: ɗumi rau, fatar ta ɗaure, ta yi wani duhu mai shunayya da ɗayan nonon ba shi da shi. Duk wanda ya taso cikinmu ya san baƙar fata ba ta ja in ta ƙone, duhu take yi. Ma'aikaciyar ba muguwa ba ce, ta kira babbarta, suka gyara, ta kuma yi ta yi mini tambayoyi daga baya. Abin da aka koya mata da hotunan farar fata aka koya mata.

A bas ɗin komawa gida mai atamfa ta faɗo mini a rai. Duhun nan da na ce kamar ta wuni a rana, ashe ita ma tata ƙunar ce, mai sauƙi. Da ni da fom ɗin duk sifili za mu ba ta. In kuwa ma'aunin illa bai ga illar ba, duk ƙwarewar injin karanta DNA aikin banza ne, domin za a jera mai ciwo cikin marasa ciwo. Ga kuma ɗaya matsalar: wani lissafi da aka buga a 2016 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, masu asalin Afirka kuwa kamar kashi 3, alhali Afirka ta fi ko'ina yawan bambancin gado. Gwajin da aka gina a kan matan Manchesta da Santiyago ta Sifen ba dole ya yi aiki a kan matan Gusau ba. Na rubuta wannan a babin, Farfesa ta ja layi a ƙarƙashinsa ta rubuta a gefe: to wa zai tara?

Bayan na kare kundin na zo gida hutu. Na sami Goggo a tsakar gida da la'asar, jikarta na taje mata kai, don hannun har yanzu iyakarsa kafaɗa. Bayan gaisuwa da ban gajiya ta ce, "To, likita, an gano?"

Na ce, "Goggo, maganarki ta fi kusa da gaskiya. Yawancin abin daga jikin mutum yake."

"Ai na gaya miki tun a benci. Shi ne sai da kika je Ingila?"

Ta tambaya ko 'ya'yanta za su gada. Na ce ba irin gadon sikila ba ne, kuma yanzu a wurare da yawa an rage kwanakin, ana yin 15, wasu ma 5, da injinan da suka fi iya kauce wa naman da ba ruwansa. Na gaya mata ina neman izini da kuɗin fara tara jinin matanmu, da fom ɗin da zai san duhu da ɗumi da ɗaurewa, a bi su shekara da shekaru. Kafin in rufe baki ta miƙo hannun dama, ta naɗe hannun riga. Na ce ba yanzu ba, sai kwamiti ya amince, sai an karanta mata takarda ta sa hannu.

"Takarda? Jinin nawa?"

"Naki ɗin, Goggo."

Ta yi tsaki ta sauke hannun riga. Can kuma ta ce wa jikar ta ɗauko mata waya a ƙarƙashin filo. Ashe duk shekarun nan suna gaisawa da mai atamfa, har biki sun je wa juna.

"In za ki auna nawa ai sai da nata," in ji ta, tana lalubar lambar da babban yatsa. "In ba haka ba, da me za ki gwada?"